Hanyar Sama da Hanyar Gusau

Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan rabon Surayya da ganin mijinta, amma duk ranar Alhamis da hantsi takan ji muryarsa, kuma a kan muryar nan take jingina kwanakinta har wata Alhamis ɗin ta zagayo.

Watansu biyar kacal da aure aka ba Muhtari gurbin ƙaro karatu a ƙasar Maleshiya. Ya tafi ya bar mata ɗaki mai ƙamshin sabon fenti, da wani littafi mai bangon kwali cike da rubutun hannunsa, da kuma Tsohuwa. Tsohuwa kwamfuta ce. Ita ce uwar duk kwamfutocin shagon intanet na baffansa Alhaji Labbo, wanda ke kan hanyar tashar jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda. Ba ta da hoto, ba ta da ado, baƙin allo ne da fararen haruffa, manhajar Linuks ce a cikinta, kuma duk saƙon da zai fita daga shagon ko ya shigo, sai ya bi ta hannunta. Tun lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a aka raba shagon gida biyu, maza ta ƙofar titi, mata ta ƙofar lungu, katako a tsakani da 'yar taga mai labule. Kafin ya tafi, Muhtari ya ɗauke Tsohuwa ya kai ta ɓangaren mata, domin a duk faɗin Ƙaura babu wanda ya amince ya taɓa ta sai matarsa, wadda dama a ajin koyon kwamfuta suka fara haɗa ido.

Alhamis suka zaɓa saboda ranar kasuwar Shinkafi ce, rabin gari ya tafi can, shago ba kowa. Ƙarfe goman safe a Ƙaura, biyar ɗin yamma a wurinsa. Takan sa abin saurare a kunne, ta jawo makirfo kusa da bakinta, ta jira. Muryar takan hau sama ta farantin da ke bisa rufin shagon, ta je tauraron ɗan'adam, ta sauko, saboda haka kullum a makare take isowa. Idan ta ba shi dariya, sai ta gama tata dariyar kafin tasa ta ƙaraso. Ta saba da hakan har ta fara son wannan ɗan shirun, domin a cikinsa takan hango shi yana buɗe baki.

Ana gab da damina Alhaji Labbo ya sa aka kafa wani dogon ƙarfe a bayan shagon, mai eriya a ƙolinsa tana fuskantar Gusau. Hanya ta biyu ke nan. Ba ta kai faranti faɗi ba, amma gajeriya ce, saƙo ba ya daɗewa a kanta. Surayya ta haɗa ta da Tsohuwa, ta bar ta a matsayin ta ko-ta-kwana. Kwana uku da yin haka aka ƙwanƙwasa katako.

"Ke ɗiyata, kina nan?"

"Ina nan, Baffa. An wuni lahiya?"

"Lahiya lau. Wai ni wanga ƙarhe da munka kafa, mi shika yi tun da anka tsai da shi?"

"Yana jiran ranar da faranti ya gaza ne, Baffa."

"Jira? Ni ina da jakai biyu, guda na nishi da kaya, guda na tsaye shina kaɗa wutsiya? Haba. Ki raba masu kayan. Rabi da rabi, kar ki ƙwari kowa. Ni awon hatsi na tashi ina yi, kuma yanzu zamanin gaskiya muke, ko mudu sai an shafe bakinshi daidai."

Surayya ta yi murmushi a bayan labule, ta buɗe littafin Muhtari. Can wajen ƙarshe akwai shafin da ya rubuta wa kai, "Idan Allah ya sa an samu hanya ta biyu." Layi ɗaya ne dogo: a gaya wa Tsohuwa cewa ƙofar fita biyu ce, a ba kowace ƙofa nauyinta. Ta ba faranti ɗaya, ta ba Gusau ɗaya. Kafin la'asar ɓangaren maza ya ɗauki surutu. Shafukan da a da sai mutum ya je ya sha ruwa ya dawo kafin su buɗe, yanzu kafin ka gyara zama sun fito. Wani ya ɗaga murya ya ce Allah ya yi wa mai wannan aiki albarka. Ita kuwa abu ɗaya ne a ranta, Alhamis ta zo ta gaya masa ta yi shi ita kaɗai, ba ta tambayi kowa ba.

Ranar Laraba saƙonsa ya shigo ta imel.

"Surayya, malamina ya nemo mini gurbin digiri na uku. Shekara uku ne bayan wata takwas ɗin da suka rage mini. Ranar Litinin zan ba shi amsa, e ko a'a, kuma abin da kika ce shi zan kai masa. Amma kada ki rubuto mini. A rubuce kin iya haƙuri, sai ki cika mini shafi da addu'a in kasa gane inda zuciyarki take. A murya ba ki taɓa iya ɓoye mini komai ba. Gobe ki faɗa mini da bakinki."

Ta karanta sau uku. Shekara uku da wata takwas. Ta duba tagar lungu, inda wata tunkiya ke goga jikinta da bango, ta ji duk garin ya yi mata faɗi kamar an kwashe mutanensa. Ta san abin da digirin nan yake nufi a wurinsa. Ta san yadda yake yi da hannu idan yana maganar karatu, kamar mai ɗebo ruwa. Ta kuma san yadda ɗakinsu yake idan ta tura ƙofa da yamma, takalmansa na zuwa masallaci suna nan inda ya cire su, tana sharewa ta kewaye su.

A ranar ce kuma Inna Tasalla, mahaifiyar Muhtari, ta iso daga Gurbin Bore a motar mata, da ƙwaryar man shanu a ɗaure cikin zane. Ta ce maganin ido ta zo nema. Idon nata kuwa ras yake, daga bakin ƙofa ta hango Surayya ta rame. Muhtari ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Amma da safiyar Alhamis, da Surayya ta ɗauki hijabinta, sai ga Inna ta riga ta sa takalmi, wai zaman gida yana sa mata ciwon baya. A ƙafa suka tafi, tun da an hana duk mata hawa babur ɗin kabu-kabu. A shago Inna ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa, ta zauna ta juya wa kwamfuta baya, ta kama jan carbi.

Ƙarfe goma daidai muryarsa ta faɗo kunnen Surayya, kuma ba ta taɓa jin ta kusa haka ba.

"Assalamu alaikum, Hajiyar Tsohuwa."

"Wa'alaikassalam, Injiniya. Yau kamar kana bayan katakon nan."

"Ni ma haka na ji. Me kika yi wa layin?"

Ta ba shi labarin ƙarfen Gusau da jakan Baffa, ya yi dariya, dariyar ta iso a kan lokacinta. Ta tambaye shi abin da ya ci, ya ce shinkafa, ta ce jiya fa, ya ce shinkafa, ta ce to Allah ya ƙara, shi da yake raina tuwon dawarta. Ta ce masa Inna ta zo neman maganin ido. Ya ce a gaishe ta. Surayya ta zare abin sauraren daga kunne ɗaya ta ƙara murya yadda za ta cika ɗakin, ta ga carbin Inna ya tsaya cak. Haka ta yi ta kewaye-kewaye, tana jan hira don kada a zo wurin. Shi ne ya gaji.

"Surayya, kin ga saƙona."

"Na gani."

"To ina saurarenki. Abin da duk ki..."

Shiru. Ba irin shirun da ta saba da shi ba, wannan babu kowa a bayansa. Manhajar hirar ta nuna wai an fita, tana ƙoƙarin sake shiga. Da ta dawo, muryar ta koma can nesa, a makare, suka yi ta karo da juna: ta fara magana ya fara, ta yi shiru ya yi shiru. Kafin su daidaita ta sake yankewa. Sau huɗu ana haka. A na huɗun sai rubutunsa ya fito a allo: za a rufe ɗakin kwamfutocin makarantarsu, motar ɗalibai tana jira. "Asabar, ƙarfe goma. Ita ce ta ƙarshe kafin Litinin. Kada ki rubuto."

Ta cire abin sauraren ta ajiye a hankali. Wayar salula ta shigo Ƙaura, gaskiya ne, akwai masu lema a bakin titi da ake bugawa a wurinsu. Amma wannan ba maganar da mace za ta yi a gindin lema ba ce, mai waya na kallon agogo, masu lemo na kasa kunne.

Ranar Juma'a da safe shago a rufe yake sai an sauko daga masallaci. Surayya ta karɓi makulli ta tayar da ƙaramin janareta, ta zauna gaban Tsohuwa. Ta buɗe manhajar hira ta bar ta a kunne, a ɗaya allon kuma ta sa Tsohuwa ta riƙa nuna mata ƙofar da kowane saƙo yake bi. Minti ɗaya, Gusau. Minti biyar, Gusau. Minti tara, Gusau. Yana cika goma sai ta ga jerin ya goge fes, ya sake fitowa, hirar ta koma faranti, nan take kuma ta yanke.

Sai ta gane, ta dafe kai. Tsohuwa tana zaɓar wa kowane saƙo hanya, ta riƙe a ranta na ɗan lokaci, sannan ta share ta sake zaɓe, don rabon ya fito daidai kamar yadda aka umarce ta. Mai buɗe shafi ba zai taɓa sani ba, domin kafin a sake zaɓe ya gama ya wuce. Amma hira doguwar tafiya ce. Kowace hanya da adireshinta, saboda haka idan aka sauya mata hanya a tsakiya, can ɗaya ɓangaren sai a ga baƙuwar fuska ta shigo tana ci gaba da maganar wata, sai a rufe mata ƙofa. Ba laifin Maleshiya ba ne, ba na faranti ba. Ita ce da hannunta ta yanke muryar mijinta, ranar da ta fi bukatarta.

Mafi sauƙi shi ne ta goge layin nan ta mayar da komai yadda yake. Bayan an sauko Juma'a ta ƙwanƙwasa katako.

"Baffa, ina son in kashe hanya ɗaya gobe da safe. Na awa guda kawai."

"Gobe? Gobe Asabar hwa, ɗiyata. 'Yan makaranta na cika takardunsu na jarrabawa, tun yau suka kama layi. Mi ya faru? Wani abu ya lalace?"

Ta buɗe baki. Me za ta ce wa baffan mijinta? Ina son in ji muryar ɗanka ba yankewa? Kunya ta riƙe mata harshe.

"Babu komai, Baffa. Zan duba wata dabara."

"Yauwa. Ki bar jakaina su yi aiki."

Ta koma ta zauna tana juya shafukan littafin, gaba da baya. Babu komai bayan wancan layin. Muhtari bai taɓa samun hanya ta biyu ba balle ya san halinta. A gefen wani shafi ya zana ƙaramin kofin shayi, ya rubuta "S. ta kawo" a ƙasansa, da kwanan wata. Ta ɗora yatsa a kan zanen, hawayen da ta riƙe tun Laraba suka zubo.

"Mi ya hana muryar wancan tsayawa?"

Inna ce, wadda yau ma ta biyo ta, daga inda take zaune, ba ta ko juyo ba. Surayya ta goge fuska da gefen hijabi, ta yi mata bayani yadda za ta iya: hanya biyu ce, ta sama doguwa mai faɗi, ta Gusau gajeriya ƙarama, an ce a raba daidai, na'ura kuma tana sauya wa mai tafiya hanya yana tsakiyar tafiya.

Inna ta yi tsaki. "Wa ya ce a yi haka?"

"Baffa ne ya ce rabi da rabi."

"Labbo! Labbo tun yana yaro bai san komi ba sai tiya da buhu. Hatsi ba ya da uwa, ko'ina ka zuba shi daidai ne. Mu da muka tashi da shanu, in mun tashi daga Gurbin Bore za mu mashaya da rani, burtali biyu ne. Marigayi maigidana bai taɓa tsayawa yana ƙirga kai yana cewa talatin nan talatin can ba. Masu shayarwa da 'yan maruƙansu, ta kusa, duka, ba a tambaya. Bajimai da sauran garke su zagaya ta nesa, su ne masu ƙafa. Kuma wadda ta kama burtali, shi za ta bi har ruwa. In ka juyo da ita a tsakiya, ɗanta ya ɓace mata, ranar nan ba mai barci don kuka." Ta ja carbi ɗaya. "Mukan ɗaura wa na gaba tsumma a ƙaho, kowa ya san tasa hanya."

Surayya ta daɗe tana kallon bayan surukarta. Sannan ta jawo kujera.

Aikin ya ci mata yammacin nan gaba ɗaya. Ta buɗe bayanan da ke cikin Tsohuwa kanta, tana karantawa layi layi da Turancin da ba ya sassauci. Ta yi wa kowace hanya teburinta daban, wato jerin ƙofofin da saƙonta zai bi. Ta kafa doka cewa duk saƙon da ya fara tafiya a sa masa alama, ɗaya ko biyu, kuma duk abin da ya biyo bayansa na wannan tafiyar a duba alamar a bi da shi inda na farko ya bi, ko Tsohuwa ta share abin da ke ranta sau ɗari. Ta ware murya, ta kowa da kowa, ta mata da ta maza, ta ce ita kullum Gusau. Shafuka da hotuna kuwa ta sauya masu nauyi, kashi uku faranti, kashi ɗaya Gusau, don a bar wa murya wurin wucewa.

Da ta danna na ƙarshe sai shagon gaba ɗaya ya mutu.

"Kai! Hajiya! Ya ɗauke!" Aka hau bugun katako. "Ina tsakiyar aika saƙo!"

Ta bi layukan da ido har ta gano: ta yi wa teburan biyu ƙofar fita, ta manta ta nuna masu hanyar komowa cikin shagon. Layi biyu ta ƙara. Bugun katakon ya tsaya, wani ya ce alhamdulillahi, wani ya ce dama shi bai ce komai ba. Ta kunna manhajar hira ta zauna tana kallon agogon bango. Minti goma, jerin ya goge ya dawo, hirar tana nan a Gusau. Ashirin. Arba'in. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Da za a rufe ta gaya wa Alhaji Labbo gaskiya, cewa rabon yanzu ba rabi da rabi ba ne, kowace hanya an ɗora mata gwargwadon ƙarfinta.

"Dukansu na aiki dai?"

"Dukansu, Baffa."

"To ai shi ke nan. Tasalla ta sa baki, ko? Na ji muryarta tana cin namana."

Asabar ta waye da zafi mai nauyi, iska ta tsaya, gabas ta yi baƙi ƙirin. Shago ya cika har ƙofa, ɓangaren mata ma 'yan mata huɗu ne a kan kwamfuta biyu suna cika takardu. Surayya ta ja kujerarta can kusurwa kusa da Tsohuwa. Inna ta zauna a wurinta na shekaranjiya, amma yau ta ɗan karkato.

"Assalamu alaikum." Muryar ta zo tsaf, har tana jin numfashinsa.

"Wa'alaikassalam. Yau ba za ta yanke ba. Ni na ɓata, ni na gyara."

Ya tambaye ta yadda ta yi, ta faɗa masa a gurguje, ya ce, "Alama a kan kowace tafiya? Surayya, wannan ai shi muka yi wata guda muna karantawa a nan." Daga nan ya zarce, bai ma sani ba, ya shiga ba ta labarin aikin da malamin yake so su yi, da ɗakin gwajin da za a ba shi, da injunan da bai taɓa gani ba sai a hoto. Da a ce ta faranti ne, da jinkiri da ƙara sun rufe mata rabin abin. Amma hanyar da ta share da hannunta ta kawo mata komai, har da yadda muryarsa ke ɗagawa idan ya ce "shekara uku", kamar yaro yana faɗin sunan garin da za a kai shi. Yana so. Ta ji yana so ƙwarai. Ta ji kalmar "ka zauna" tana haɗuwa a bakinta, mai kyau, mai ladabi, irin wadda za a yaba mata.

Sai iska ta bugi ƙofar lungu, ɗigon farko ya faɗi a kan kwano, na biyu, sannan sama ta buɗe gaba ɗaya. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga.

Muhtari ya tsaya a tsakiyar magana. "Mene ne wannan?"

"Ruwa ne. Na farko."

"A kan kwanon shago?"

"E."

"Nan kullum ana ruwa," ya ce a hankali, "amma ba ya wannan ƙarar. Ɗan miƙa makirfon wajen taga."

Ta miƙa. Tana riƙe da shi a sama, idonta ya sauka kan baƙin allon Tsohuwa, ta ga abin da ta san zai zo. Hadari ya rufe faranti, hanyar sama ta mutu. Tsohuwa kuwa ta yi abin da aka koya mata tun farko: ta kwaso kayan shagon gaba ɗaya, na maza da na mata, ta juyo da su kan 'yar hanyar Gusau. Lambobi suka fara hawa. Minti ɗaya, ko biyu in an yi sa'a, hanyar za ta cushe.

Layi ɗaya zai isa ta rufe wa kowa ƙofa ta bar wa kanta hanyar. Ta san layin, yatsunta har sun hau madannai. A bayanta wata yarinya tana cewa, "Allah ka sa ta shige, Allah ka sa ta shige, yau ne rana ta ƙarshe." Surayya ta janye hannunta, ta dawo da makirfon bakinta. Ba ta damu da 'yan matan ba, ba ta damu da katakon da ba ya tare magana ba, ba ta ma damu da Inna ba.

"Ka saurare ni, layin zai tafi. Na ji yadda kake son abin nan, wallahi na ji, kuma na so in ce ka zauna. Amma in na faɗa ƙarya na yi maka. Ba zan iya ba. Wata takwas ɗin ma ban san yadda zan yi da su ba. Na gaji da gaya wa na'ura abin da ya kamata in gaya maka a ɗaki. Ka gama wanda ka je yi, ka dawo. In ya so daga baya ka sake nema, ka tafi da ni ko'ina ne, ko shinkafar ce in ci. Amma ka dawo, Muhtari. Ka dawo gida."

"Sur... na... ki..."

Muryar ta kakkarye, ta ja kamar ana yaga tsumma, ta nutse. Ta kira shi sau biyu. Babu komai sai ƙarar ruwa a kan kwano.

'Yan matan suka sunkuyar da kai kan takardunsu. Surayya ta zauna da abin sauraren a kunne, ba ta san iyakar abin da ya isa gare shi ba, ko duka, ko rabi, ko "ka zauna" kaɗai ya tsallake ya bar sauran a hanya. Ta rufe fuska da tafukanta.

"Ke," in ji Inna. Ta taso, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a kan kwamfutar tana nuna allo da carbi. "Ga wani abu na motsi nan. Mi ya ce?"

Murya ba ta iya ratsa cunkoson ba, amma haruffa ba su da nauyi, sun sami 'yar kafa sun wuce. Layi ɗaya ya fito, aka daɗe, sannan na biyu.

"Na ji. Tun daga farko har sunana."

"Ki gaya wa Baffa kada ya ba kowa aron gonata ta ƙauyen Banga baɗi. Ni zan shuka ta."

Surayya ta karanta wa Inna. Inna ta saurara har ƙarshe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce wancan ko kunyar gero bai iya ja daidai ba, sai dai a tausaya wa gonar. Sannan ta juya ta fuskanci bango, ta daɗe tana goge idon da ta ce yana mata ciwo.

Surayya ta jawo madannai ta rubuta masa cewa ruwan ya ƙaru, har ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Saƙon ya tsaya a layi tare da na kowa, yana jiran hanya, ita kuma ta zauna tana kallonsa har ya tafi.